Kafin a Miƙa Mata Ƙwaya, a Tambaye Ta

Magana biyu ake sallamar mace mai larurar PCOS da su a ƙasar nan idan ta tayar da zancen tazarar haihuwa. Ta farko ita ce ta gida, wadda uwar miji ko yaya ko ƙawa ke faɗa: “Ke da cikin ma sai an yi da gaske, me za ki yi da tazara?” Ta biyu ita ce ta kemis da ta wasu ɗakunan duba marasa lafiya: “Karɓi wannan ki riƙa sha, in kin tashi haihuwa sai ki dawo.” A baki kamar kishiyoyi ne, ɗaya ta hana, ɗaya ta bayar. Amma uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, domin dukkansu an yanke hukunci ne ba tare da an yi wa matar tambaya ko guda ba. Wannan rashin tambaya shi nake ƙara a kansa. Yana jawo cikin da ba a shirya masa ba, yana jawo ciwon da za a iya kauce masa, wani lokaci har rai yake ci, kuma ba ya cin ko sisin kwabo a gyara shi.

Sai mun san larurar kafin mu yi gardama a kan maganinta. A 1935 wasu likitoci biyu a birnin Shikago na Amurka, Irving Stein da Michael Leventhal, suka bayyana mata bakwai da al'adarsu ta ɗauke, wasunsu da gashi a fuska, kuma ma'ajiyar ƙwansu ta kumbura. Daga nan aka fara ba abin suna. A 2003 masana suka zauna a birnin Rotadam na ƙasar Holan suka amince cewa za a ce mace na da larurar idan an samu biyu daga cikin alamomi uku, bayan an tabbatar ba wata cuta ce ke kwaikwayonta ba: al'ada mai tsallake ko rashin sakin ƙwai a kan kari, yawan sinadarin maza a jini ko alamunsa, kamar gashi a haɓa da ƙirji da ƙurajen fuska masu taurin kai, sai kuma hoton sikanin da ya nuna ƙananan ƙwayaye birjik a ma'ajiyar ƙwai. Sunan kansa yana ruɗarwa. Waɗannan ƙwayaye ba ƙari ba ne, ba kuma maruru ba ne da za a yanke. Ƙwai ne da suka fara girma suka tsaya a hanya ba su nuna ba. A ƙarƙashin duka wannan, mata da yawa masu larurar jikinsu ba ya jin insulin yadda ya kamata, sai jikin ya riƙa zuba shi da yawa, shi kuma yawan insulin ya ƙara zuga ma'ajiyar ƙwai ta fitar da sinadarin maza. Baƙin nan mai kauri da ke fitowa a bayan wuya da hammata, wanda ake ta dirza da soso ana zargin yarinya da ƙazanta, ko a shafe shi da man bilicin, sau da yawa alamar wannan ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa na da larurar, kuma har kashi 70 cikin 100 ba a taɓa gaya musu ba. Ki ƙirga matan da ke gidan biki guda, ki raba goma. A wurinmu kuwa larurar na da wasu sunaye da ta ɓuya a bayansu: sanyi, sammu, namijin dare, ko “ƙiba ce ta toshe mata mahaifa”.

Mu fara da maganar gida. Mai PCOS ba juya ba ce. Tana sakin ƙwai, sai dai ba ta da ranar da za a ce ga ta. Wata sau takwas a shekara, wata sau uku, wata ta yi wata biyar shiru sannan ƙwan ya fita ranar da babu wanda ya zata. Wadda al'adarta ke zuwa duk wata, in ta ga kwana goma sun wuce, ta san da magana. Wadda ta saba yin wata uku ba ta gani ba, me zai sa ta yi zargi? Shi ya sa irin waɗannan mata ke gano ciki ya kai wata huɗu, bayan sun sha magunguna iri-iri ba su san da shi ba, ba awo, ba maganin ƙarin jini, ba a duba sukari ba, alhali suna cikin waɗanda suka fi fuskantar ciwon sukari na masu ciki da hawan jini na masu ciki. Ga kuma wadda ta sha wahalar shekara biyar kafin ta samu na fari, kowa ya ce mata ai ke kin huta da zancen tazara, sai ga kwanika yaro bai yi wata tara ba, wataƙila ma ɗinkin tiyatar bai gama warkewa ba.

Akwai abin da ya fi wannan ɗaure kai. Magungunan da ake ba mai PCOS su kansu suna buɗe ƙofar ciki. Metformin, wanda ake bayarwa saboda sukari, yakan dawo da sakin ƙwai. Rage nauyi ko da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne yakan yi haka. Shi kuwa spironolactone, da ake rubutawa don rage gashin fuska da ƙuraje, yana iya taɓa halittar al'aurar ɗan tayi namiji, shi ya sa ƙa'ida ta ce ba a ba mace shi sai tana kan ingantacciyar hanyar hana ɗaukar ciki. Wanda ya rubuta mata waɗannan ya kuma ƙyale ta da imanin cewa ba za ta iya ɗaukar ciki ba, ya haƙa mata rami ya rufe da tabarma.

A nan ne 'yan sana'ata suka shigo da tasu gudummawar ɓarnar. Aikina rubuta manhaja, kuma na san abin da ke cikin cikin yawancin manhajojin ƙirga al'ada da ke wayoyin matanmu. Lissafin bai fi layi kaɗan ba: a ɗauki ranar da jini ya zo, a ƙara matsakaicin tsawon watanninta, in ba a sani ba a sa 28, a cire 14, a fenta kwanakin da launin kore da ja. Fure da ruwan hoda da ake yi wa fuskar manhajar ba su ƙara wa lissafin komai ba. A 2019 an wallafa wani nazari na zagayowar al'ada fiye da 600,000, aka samu kashi 13 cikin 100 ne kawai suka cika kwana 28 daidai. Wannan fa a tsakanin mata gaba ɗaya ne. Hatta tsarin ƙirga kwanaki da carbin roba, wanda aka tsara a Jami'ar Jojtawun kuma ake koyarwa a asibitoci, masu shi sun faɗa ƙarara cewa na wadda zagayowarta ke tsakanin kwana 26 da 32 ne kawai. Mai kwana 45 wannan karo, 70 karo na gaba, ba ta cikin lissafin. Ko tsinken gwajin fitsari na gano ranar sakin ƙwai yakan yi wa mai PCOS ƙarya, saboda sinadarin da yake nema yana iya kasancewa a sama a jikinta kullum. Duk da haka manhaja za ta nuna mata koren rana da cikakken ƙarfin hali, don wanda ya rubuta ta bai tanadi inda za ta ce “ban sani ba” ba. A aikinmu, manhajar da ta karɓi bayanin da ya fi ƙarfinta ta ci gaba da ba da amsa kamar ba komai, ita ce mafi haɗari, ta fi wadda ta tsaya cak ta ƙi aiki.

To, sai maganar kemis. Kada a ji ni a karkace: ƙwayar haɗi, wadda ke ɗauke da istirojin da furojestin tare, magani ce ta gaske ga wannan larura. Ƙa'idojin duniya na kula da PCOS, waɗanda Jami'ar Monash ta Ostireliya ta jagoranci fitarwa a 2018 aka sabunta a 2023, sun sa ta a sahun farko wajen daidaita al'ada da rage gashi da ƙuraje. Yadda take aiki ba sihiri ba ne. Tana kwantar da saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa ma'ajiyar ƙwai, sai a rage fitar da sinadarin maza, sannan tana sa hanta ta ƙara yin wani furotin da ke ɗaure ragowar sinadarin a cikin jini ya hana shi aiki. Ƙuraje kan lafa cikin 'yan watanni, gashi kuwa sai an yi haƙurin aƙalla wata shida.

Amma istirojin na sa jini saurin daskarewa. Hukumar kula da magunguna ta Turai ta fitar da alƙaluma a 2013 da ya kamata duk mai miƙa ƙwaya ya haddace. Cikin mata 10,000 da ba sa shan komai kuma ba su da ciki, kusan 2 ne za su samu gudan jini a jijiya cikin shekara. Masu shan ƙwaya mai levonorgestrel, 5 zuwa 7. Masu shan mai drospirenone ko desogestrel ko gestodene, 9 zuwa 12. Adadin ba shi da yawa, kuma ciki kansa ya fi ƙwaya jawo wannan matsala. Sai dai haɗarin ba a raba shi daidai wa daida ba. Yana taruwa a kan mai ƙiba, mai hawan jini, mai sukari, wato dai ainihin kayan da PCOS ke yawan zuwa da su a goye.

Ba sai an yi canki-canka ba, domin an riga an rubuta amsar. Tun 1996 Hukumar Lafiya ta Duniya ke fitar da littafin ƙa'idojin wanda ya cancanci wace hanya, mai mataki huɗu: 1, a yi amfani ba shakka, 2, amfanin ya rinjayi haɗarin, 3, haɗarin ya rinjayi amfanin, 4, kada a kuskura. Har faifan kwali mai juyawa aka yi da shi wanda zai shiga aljihun rigar nas. A cikinsa, mace mai ciwon kai na ɓari ɗaya wanda kafin ya zo take ganin walƙiya ko zane-zane ko duhu a gefen ido tana mataki na 4 ga ƙwayar haɗi, saboda haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Mai awon jini 160 bisa 100 ko sama, mataki na 4. Mai 140 bisa 90, mataki na 3. Wadda ta taɓa samun gudan jini a ƙafa ko huhu, mataki na 4. Mai shayarwa da ba ta cika mako shida da haihuwa ba, mataki na 4, daga nan zuwa wata shida mataki na 3. Mai shekara 35 ko fiye da ke shan taba, 3 ko 4 gwargwadon yawan sha. A lura da kyau: duk waɗannan, ban da awon jini, da baki ake gano su. Ba sikanin, ba ɗakin gwaji. Tambaya biyar ce da na'urar awon jini ta minti biyu.

Nawa ne cikin masu sayar da ƙwayar nan ke yin tambayar? A shiga kemis a unguwa a ce ana son maganin ƙuraje da gashin fuska, a ga yadda za a miƙo Diane-35 ko 'yan uwanta kamar ana miƙa alewa. Wannan ƙwaya, mai cyproterone da istirojin maikirogiram 35, ita ce Faransa ta dakatar da sayarwa a 2013 bayan an danganta ta da mutuwar wasu mata sakamakon daskarewar jini, ba ta dawo kasuwa ba sai da ƙarin sharuɗɗa. Ƙa'idojin PCOS sun ce kada a fara da ita, a fara da mai ƙaramin istirojin, maikirogiram 20 zuwa 30. Sun kuma ce babu wata ƙwayar haɗi guda da aka tabbatar ta fi sauran ga masu larurar. Ma'ana mai tsadar nan da ake kira “ta musamman don PCOS” ba ta da wata falala da aka tabbatar a kan mai araha da ke asibitin gwamnati, kuma mai arahar, in levonorgestrel ce a cikinta, ita ce mafi sauƙin haɗarin gudan jini.

A harkar manhaja akwai abin da kowa ya sani: duk zaɓin da aka saita tun daga kamfani, shi mafi yawan mutane za su zauna a kai har wayar ta mutu. Don haka wanda ya saita shi ne ya zaɓar wa miliyoyi. A ɗakunan tazarar haihuwa namu ma akwai irin wannan saiti, wato duk abin da ya rage a kwaba, kuma sau da yawa allura ce. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 12 cikin 100 na matan aure ne ke amfani da hanyoyin zamani, na 2023 zuwa 2024 ya nuna kashi 15, kuma allura da ashanar fata ne kan gaba. Allurar wata uku tana da kirki: tana aiki sosai, ba ta da istirojin, mai shayarwa na iya yi, kuma akwai Sayana Press da mace za ta iya yi wa kanta a gida. Amma a cikin dukkan hanyoyin ita ce aka fi tabbatar tana ƙara ƙiba, tana rage ƙarfin ƙashi muddin ana kanta, sannan in an daina, ɗaukar ciki kan jinkirta, a matsakaici kusan wata goma daga allurar ƙarshe. Yanzu a ɗora wannan a kan matar da ke fama da nauyi, sukarinta na bakin iyaka, ƙwanta da ma ba ya fita a kan lokaci, kuma tana son ta sake haihuwa baɗi. An ba ta hanyar da ta fi kowace cin karo da halinta, ba don mugunta ba, don dai ita ce a kusa da hannu. Ga wata matar kuma, mai sikila misali, ko wadda ke son ta huta shekaru ba tare da kowa ya ga ƙwaya a ɗakinta ba, allurar na iya zama daidai. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Haka sauran hanyoyin, kowace da hannun damanta da na hagunta. Ashanar fata, Implanon mai shekara uku ko Jadelle mai shekara biyar, tana cikin mafi inganci, ƙasa da mace ɗaya cikin ɗari ke ɗaukar ciki a kanta, amma tana yawan kawo ɗigon jini ba tsari, kuma wasu ƙurajensu kan ƙaru. Maganin tarin fuka irin rifampicin da wasu magungunan farfaɗiya irin carbamazepine suna rage ƙarfinta da na ƙwaya, wata tambayar ke nan da ba a yi. Robar mahaifa mai jan ƙarfe tana kai shekara goma, ba ta da sinadari ko kaɗan, amma jini kan ƙaru, kuma ba ta yi wa larurar komai. Robar mahaifa mai sinadarin levonorgestrel, irin Mirena, tana rage jini, tana kare bangon mahaifa, ta dace da da yawa daga cikin matan da istirojin ya haramta gare su, sai dai ba ta maganin gashin fuska. Kwaroron roba da azalo ba sa taɓa sinadarin jiki, amma a yadda mutane ke amfani da su a zahiri, kusan 13 cikin 100 na masu kwaroro da kusan 20 cikin 100 na masu azalo kan samu ciki cikin shekara. Ita kuwa Postinor-2, ta gaggawa ce, wadda aka mayar da ita abin sha duk mako ta ƙara dagula al'adar da da ma a dagule take.

Na ambaci kare bangon mahaifa, kuma a nan ne zan juya ga ɗaya ɓangaren, masu cewa duk wani sinadari guba ne. Sun cika Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp na mata, kowace da kwalbar “maganin sanyi” da “wankin mahaifa” da lambar asusun banki a ƙasa. Hujjarsu ita ce ƙwaya ba ta warkar da PCOS, ɓoye ta kawai take yi, in an daina sai komai ya dawo. Gaskiya ne ba ta warkarwa. Tabarau ma ba ya warkar da ido, maganin hawan jini ma ba ya warkar da hawan jini, ba wanda ya ce a zubar da su. Abin da masu kwalba ba sa faɗa shi ne abin da ke faruwa a mahaifar da ta yi watanni ba al'ada. Idan ƙwai bai fita ba, jiki ba ya yin furojestaron, sai istirojin ya yi ta gina bangon mahaifa yana kauri ba mai tsayar da shi. Shekara da shekaru a haka, ƙwayoyin bangon kan fara sauya kama. Shi ya sa haɗarin sankarar bangon mahaifa ya ninka biyu zuwa shida ga masu PCOS, ko da yake mafi yawansu ba za su kamu ba. Ƙa'idar a bayyane take: wadda ke wuce kwana 90 ba ta ga jini ba tana bukatar kariya, ko ta ƙwayar haɗi, ko ta furojestin na 'yan kwanaki lokaci-lokaci, ko ta roba mai sinadari. Wadda ta zaɓi roba mai jan ƙarfe ko kwaroro kuma al'adarta na ɗaukewa haka, an toshe ƙofa ɗaya an bar ɗaya a buɗe, dole a haɗa mata da wani abu.

Wannan ne ya sa nake jin zafin yadda ake yi wa 'yan mata marasa aure. Budurwa 'yar shekara ashirin da uku ta yi wata shida ba al'ada, ga gemu na fitowa ana yi mata dariya ana kiranta mata-maza, likita ya rubuta mata ƙwaya, uwa ta ga kwalin ta ɗora hannu a ka: me 'yata za ta yi da maganin hana haihuwa? Sai a jefar da shi a masai, a ce ta bari in ta yi aure komai zai daidaita. Aure ba ya gyara insulin. Sunan da ke jikin kwali ne ya firgita mu, alhali a hannun wannan yarinya maganin larura ne, kamar kowane magani. Mun zaɓi mu kare ta daga bakin maƙwabta mun bar ta da ciwon.

Tsoron da ke ƙarƙashin wannan duka shi ne kada ƙwaya ta kashe mahaifa, kuma ban raina shi ba. Mutanen da aka gwada wa maganin Trovan a kan 'ya'yansu a Kano a 1996 suna da dalilin yin zargi, kuma a kan jita-jitar hana haihuwa ne aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003. Amma zargi ba ya zama hujja don ya daɗe. Ƙwaya da ashana da roba, da an daina su haihuwa ke komawa yadda take a da. Abin da ke faruwa da mai PCOS shi ne, “yadda take a da” ɗin da ma da tsallake. Ta daina ƙwaya, al'ada ta koma halinta na asali, sai a ce ƙwayar ce ta lalata ta. Kuma in lokacin neman haihuwa ya yi, akwai hanya. Wani babban gwaji a Amurka da aka wallafa a 2014, mai mata 750 masu larurar, ya nuna kashi 27.5 cikin 100 na waɗanda aka ba letrozole sun haihu, a kan kashi 19.1 na waɗanda aka ba clomiphene, shi ya sa letrozole ya zama na farko a yau. Matar da aka kula da nauyinta da sukarinta da bangon mahaifarta a shekarun da ba ta neman ciki, ita ce ke shiga wannan mataki da ƙarfinta.

Za a ce mini ina magana kamar ban san asibitocinmu ba: nas ɗaya, mata tamanin a kan benci, kayan aiki sun yanke, ina lokacin hira? Na sani. Amma tun 2014 Najeriya ta amince da manufar da ta ba ma'aikatan lafiya na matakin farko damar sanya ashana da yin abubuwan da a da sai manya. In an yarda da hannunsu ya huda fata, a yarda da bakinsu ya yi tambaya shida. A buga tambayoyin da Hausa a manna a bango, mace ta karanta ko a karanta mata tun tana kan layi. A sa na'urar awon jini a kan teburin da ake miƙa ƙwaya, a kemis ma haka. Masu rubuta manhaja irina, mu sa wa abin da muke ginawa kunya: in zagayowar mace ta wuce kwana 35 a kai a kai, manhaja ta daina fenta koren rana, ta ce mata ta je a duba ta. Layi biyar ne, ba ya cin yini guda.

Akwai kuma tambayar da littattafan Turai ba su damu da ita ba amma a wurinmu tana da nauyi: jinin zai shiga tsakaninta da sallarta? Matar da aka sa wa ashana ba a gaya mata za ta iya yin makonni tana ɗigo ba, za ta rasa gane haila ce ko istihala, ta rasa ranar wanka, azumi ya zo ta shiga ruɗu, miji ya fara ƙorafi, wata uku ta koma ta ce a cire. Sai a rubuta a takarda cewa ta kasa jurewa. Da an gaya mata tun farko, da ko ta zaɓi wata hanyar, ko ta nemi hukuncin wurin malama ta shirya. Shi ma maigida, in har ana son sa hannunsa, to ya shigo ya ji bayanin da kunnensa. Wanda zai iya cewa a'a daga tsakar gida ba tare da ya san mene ne kwana 90 ba, ko mene ne 160 bisa 100 ba, yana yanke hukunci a kan jikin da ba shi zai kwana da ciwonsa ba.

Ke kuma 'yar uwa, kafin ranar da za a gyara, ki shiga da amsoshinki a hannu ko ba a tambaye ki ba. Ki faɗi rabonki da al'ada da yadda take tsallake. Ki faɗi abin da ya fi damunki: gashi ne, ƙuraje ne, jini ne, ko tsoron ciki. Ki faɗi yaushe kike son haihuwa, baɗi ko bayan shekara huɗu ko kin gama. Ki faɗi in kina ciwon kai mai zuwa da walƙiya a ido, in ke ko wani a gidanku ya taɓa samun gudan jini, in kina shayarwa, da duk maganin da kike sha har na gargajiya. Ki miƙa hannu ki ce a auna jininki, ki nemi a gwada sukarinki. In kina kan ƙwayar haɗi kika ji ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya ɗauke, ko ƙirji ya riƙe, ko wani ciwon kai da ba ki saba ba, ki daina ki nufi asibiti a ranar. In kuwa wanda ke gabanki ya ga tambayoyinki sun yi masa yawa, ki ɗauki jakarki ki nemi wani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ɗakin nan naki ne.